Dutsen da Ya Rage a Dakali

Garin yana can ƙololuwar tsauni, inda mota ba ta zuwa. Mai babur ma a gindin dutse yake sauke ka, ya yi maka fatan alheri ya juya. Hanya ɗaya ce, siririya, tana nannaɗe da jikin tsaunin. Hagunka bangon dutse, damanka kwazazzabon da in ka jefa abu ba ka jin saukarsa. Buhun gishiri, kwanon rufi, mara lafiya a kan ƙyauren ƙofa, duk ta nan suke bi a kan mutane.

Danshi kuwa ba a magana. Wanki ba ya bushewa, sai dai ya gaji ya yi wari. Gishiri narkewa yake a kwano, ashana a cikin hula ake ɓoye ta. Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan hazo. Gajimare ne da kansa yake saukowa da rana tsaka, ya jiƙa maka gashin ido, ka miƙa hannu ka nemi yatsunka ka rasa.

Saboda haka magabatan garin suka yi wa kansu dabara. A bakin hanya akwai wata bishiya, an rataye mata tsohon ƙarfen tayar babbar mota, a gindinta kuma dakali. Kowa a garin yana da ɗan dutsensa da aka san shi da shi. In za ka gangara, ka ajiye shi a kan dakali. In ka dawo, ka ɗauke abinka. Hazo yana sauka mai bugu zai duba. In da dutse ko ɗaya ne, zai yi ta buga ƙarfen har mai shi ya iso. In babu, ba a bugawa. Tsofaffi sun ce ƙarfen kira ne, kuma in ka yi kira babu naka a waje, ba ka san wanda zai amsa ba.

Bugun ma sai an iya. Dutsen da ke tsallaken kwazazzabo yana mayar da amo. Sai ka buga, ka jira amon ya je ya dawo ya mutu, sannan ka sake. In ka yi gaggawa, wanda ke hanya ba zai bambance ƙarfe da amo ba, sai ya bi na tsallake, kuma tsakaninsa da tsallake babu komai sai iska.

To, akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Ɗanta na fari ɗan dako ne. Wata damina ya ajiye dutsensa, baƙi mai santsi da farin zane a tsakiya, ya gangara ɗauko kaya. Da yamma tsaunin ya zabtare, ya tafi da wani yanki na hanya. Ba a ga gawa ba, ba a ga kayan ba. Aka yi addu'a, aka yi zaman makoki, Inna ta karɓi gaisuwa kamar kowace uwa. Ranar da hazo ya sake sauka sai ta je ta karɓe gudumar daga hannun mai bugu. Ya ce, "Inna, ai babu kowa a waje."

Ta nuna dakali da haɓa. "Wancan fa?"

Tun daga ranar ita ce mai bugu. Shekaru suka yi ta wucewa, aka sare sabuwar hanya a saman wadda ta tafi, gansakuka ta fito a gindin baƙin dutsen, babu wanda ya iya taɓa shi. Kuma ɗan Adam da son sauƙi: tunda Inna za ta buga ko da kowa ko babu, ajiye dutse na mene ne? Wannan ya manta, wancan ya ce yana sauri. A hankali wasu ma suka ɓatar da nasu, yara suka yi wasa da sauran. Ba wanda ya zauna ya ce a daina. Dainawa kawai aka yi.

Inna tana da auta, kafinta ne, da matarsa a gidan suke tare da ita. Shi abin ya fi ci wa rai. Yana gani wuyan hannunta ya kumbura, tari ya kama ta, irin wanda in ta fara sai ta dafa bango. Ya roƙe ta ya karɓe ta, ta ce hannunsa na ƙusa ne, bai da haƙurin jira. Ya saya mata rigar ruwa, ta rufe buhun masara da ita.

Maƙerin da ke maƙwabtaka da rumfarsa, abokin wasansa, ba ya raga masa.

"Kafinta, ka gaya wa budurwata Inna ta tausaya wa ƙarfen nan, ya kusa hujewa."

"Ka je ka gaya mata da kanka, in kana da wuyan da za ka kai."

"Ni? Da gudumar a hannunta? Ina da 'ya'ya ƙanana." Sai ya rage murya. "Amma ban da wasa, tarin nan ba na lafiya ba ne. Daminar bana in ta ci gaba da tsayuwa cikin raɓa, kai za ka auna mata katakon rufe kabari."

Maganar ta kwana a ran Auta. Washegari da safe yana rumfa, ƙusoshi a bakinsa, yana fama da wata ƙofa da danshi ya kumbura, matarsa ta leƙo.

"Maigida, in na samu sarari zan gangara asibiti in karɓo wa Inna maganin tari."

Ya ce "Uhm," bai ko ɗago ba. Hankalinsa yana kan abin da ya ƙudura.

Da hantsi ya zagaya bakin hanya. Babu kowa. Ya dubi dakali: dutse ɗaya ne, na yayansa. A ransa ya ce, to babu kowa a waje ke nan. Shi da ya yi shekaru bai ajiye nasa ba, bai tsaya ya tambayi kansa me dakalin yake iya faɗa yanzu ba. Ya sa hannu ya ɓamɓare dutsen. Sanyinsa ya ratsa shi har gwiwar hannu. A wurin ya bar wani ɗan da'ira busasshe, fari tas. Ya jefa shi a aljihu ya koma aiki. Lissafinsa, Inna za ta zo ta ga babu, ta yi faɗa, ta yi kuka, daga nan ta haƙura ta zauna kusa da wuta.

Bayan azahar hazo ya sauko. Rumfar maƙeri ta ɓace, sai jan garwashinsa kawai ake gani. Auta ya ji takun Inna ta wuce da tarinta. Ya ajiye zarto yana jiran kuka.

Bai ji kuka ba. Bai ji komai ba. Can sai ga takun ya dawo, da sauri irin wanda rabon da ya ji ta yi shi har ya manta.

Garin ya yi tsit. Yaran da aka haifa cikin shekarun nan ba su taɓa ganin hazo babu ƙarfe ba. Wani ya fashe da kuka a wani gida. Karnuka suka shige ƙarƙashin rumbu. Ana jin ɗigar ruwa daga kwanon rufi ɗaya bayan ɗaya.

Maƙeri ya fito daga cikin farin hazon kamar fatalwa. "Kai, lafiya? Me ya sami Inna?"

"Lafiya lau. Babu kowa a waje ne."

"Babu kowa? Matarka ta dawo? Da safe ta wuce ni da kwalba a hannu, har na ce ta gaishe mini da malamar asibiti."

Auta bai san lokacin da ya bar rumfar ba. Ya lalubi hanya da ƙafa har gindin bishiyar, gudumar aikinsa a hannu, ya shiga dukan ƙarfen kamar mai kashe maciji. Amo ya tashi ta gaba, ta baya, ta tsallake, duk tsaunin ya ɗauka. Maƙeri ya cim masa ya riƙe hannun.

"Ka haukace? Cikin rami kake kiran ta! Tsaya!"

"To kai buga!"

Maƙeri ya karɓa, ya buga, ya saurara. Bai san inda amon yake mutuwa ba. Ya sake da wuri, biyu suka haɗu. Ya sauke hannu. "Ban iya ba. Wallahi babu wanda ya iya a garin nan yanzu sai ita. Je ka kira ta."

Auta ya samu Inna a ɗakin yayansa, wanda tun ranar da ya ɓata ba a buɗe ba. Ta wangale ƙofar, ta share, ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora ruwa a wuta. Fuskarta kamar an cire mata shekaru.

"Auta, ka gan shi? Ya ɗauke dutsensa. Yana cikin gari, ka san halinsa, sai ya gama gaisawa da kowa. Kawo bargonka, zai zo a jiƙe."

"Inna, ki zo ki buga. Surukarki tana hanya."

"Wace hanya? Na duba dakali da idona, babu ko ɗaya."

"Ba ta ajiye ba. Inna, kowa ya daina ajiyewa, tun tuni."

Ta dube shi kamar ya yi wani yare. "Ba a buga wa dakali wayam. Yanzu da Allah ya dawo mini da nawa kake so in kira abin da ban sani ba? Wane ne ma yake dukan ƙarfen ɗazu kamar mahaukaci?"

Ruwan ya fara tafasa. Auta ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa cikin aljihu. Ya san in ya ƙyale ta, za ta kai yamma cikin wannan farin ciki, wataƙila har gobe. Ya kuma san inda hanya ta tsuke, inda ƙafa ɗaya kawai take samun wuri. Ya fito da hannun ya buɗe.

Inna ta daɗe tana kallon dutsen. Ba ta yi kuka ba. Fuskar nan ta koma yadda take, har ta wuce. Ta sauke tukunyar daga wuta, ta ɗauki gudumarta, ta karɓi dutsen ba tare da yatsunta sun taɓa tafinsa ba, ta wuce shi.

A dakali ta mayar da shi daidai kan farin da'irar. Ta buga. Ta tsaya, kanta a karkace, har amon ya je ya dawo ya mutu. Ta sake.

Mutane suka taru a bayanta. Tari ya zo mata, ta haɗiye shi don kada ya shiga tsakanin bugu da bugu. Auta ya durƙusa a bakin hanya yana kallon fari. Aka jima, aka ƙara jimawa. Hasken rana ya fara yin toka-toka.

Sai aka ji tsakuwa ta gangara. Sai numfashi. Matar Auta ta fito daga hazon da rarrafe, zaninta duk laka, takalmi ɗaya, kwalbar magani a ƙulle a ƙirjinta. Mata suka yi kanta. Auta ya kama kafaɗarta.

Da ta samu numfashi ta ce, "Da farko shiru, na ce ko na kurumce ne. Sai ƙarfe ya tashi ta ko'ina, na bi wanda ya fi ƙarfi. Na ɗaga ƙafa, ban ji ƙasa ba. Ba don mutumin nan ba…"

Maƙeri ya ce, "Wane mutum?"

"Mai kayan. Ban ga fuskarsa ba, buhu ne a kansa. Ya ce, 'Ba nan ba, ƙanwata. Zauna, za a gyara bugun.' Muka zauna. Da aka gyara ya sa ni gaba, ina jin takunsa a bayana har wajen da aka sare sabuwar hanya. Nan ya ce in wuce, shi kayansa da nauyi." Ta waiga. "Bai iso ba? Ku jira shi mana."

Ba ta taɓa ganin yayan mijinta ba. Bayan abin ya faru aka kawo ta garin. Wata tsohuwa ta fara salati a hankali. Maƙeri, wanda bakinsa bai taɓa mutuwa ba, ya cire hularsa ya mayar.

Inna ba ta juyo ba. Ta buga, ta jira, ta sake.

Washegari dakalin ya cika. Wanda ya ɓatar da nasa ya je rafi ya zaɓo wani. Inna ta sha maganin, tarin bai bar ta ba. Ba ta taɓa tayar wa Auta da maganar ba, sai dai ba ta ƙara kiransa Auta ba. "Kai" take ce masa. Hazo na gaba da ya sauka, ya bi ta ya tsaya a gefe. Ba ta kore shi ba. Wata rana da hannunta ya ƙi ɗaguwa, ta miƙa masa gudumar, ta riƙe gwiwar hannunsa, ba ta saki sai amon ya mutu.

Ba ta ga ƙarshen daminar da ta biyo baya ba. Shi ya auna katakon.

Yanzu shi ke bugu. In hazo ya sauka, mutane suna isowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗauke dutsensa ya ce masa sannu da aiki, har ya rage baƙin nan mai farin zane. Matarsa takan aiko a ce abinci yana hucewa. Yakan ce to. Sai ya buga, ya karkatar da kai, yana sauraron hanya.