Sitika Arba'in a Kan Allon Suruki

Wendell na jin ƙas ya san ya shiga uku. Allon hawan igiyar ruwa na surukinsa Orville, wanda ya ɗauka ba izini, shi ne ya daki dutse, hancin allon ya huje kamar an soka babban yatsa. Shekara talatin tsohon yana lallaɓa allon nan, ya kuma ce ko 'yarsa kada ta taɓa shi kafin ya dawo daga tafiya.

A garin Santa Cruz kowa ya san dabarar: ka busar da wurin, ka manna sitika, ka kama bakinka. Wendell ya manna ta wani shagon sayar da abincin taco, ya ja baya ya duba. Sitika ɗaya tal a kan farin allo, ai kamar ya rubuta "duba nan" ne. Ya ƙara biyu. Ya ƙara goma. Shi fa mai digiri biyu ne, dole ya yi aiki da ƙwaƙwalwa. Ya kwashe duk sitikar da ke gidan, har da ta likitan haƙoran matarsa. Arba'in cif.

Asabar da safe Orville ya iso bakin teku da kofi a hannu, tsohon abokinsa Dutch na biye. Wendell na can yana jiransa da allon.

"Baba, sannu da hanya," in ji Wendell. "Kwalliya na yi masa."

"Ashe gwani muke da shi ba mu sani ba," Dutch ya ce yana leƙawa. "Likitan haƙori ne ya ɗauki nauyinka?"

Orville bai yi dariya ba. A zamaninsu, mutum irinsa ba ya manna sitika sai a kan rami. Ya shiga ƙirgawa da yatsa.

"Arba'in? Kai yaro, rami arba'in? Bindiga ka sa masa?"

"Na rantse ɗaya ne, Baba!"

Sai da maganar ta fita Wendell ya ji ta. Digiri biyu.

Dutch ya zauna daɓas a yashi, dariya har da tari.

"Ɗaya," Orville ya maimaita. "Ban yarda ba. Ɓare su in gani."

Wendell ya kai hannu kan ta taco.

"A'a, wannan ce ta ƙarshe. Fara daga wutsiya."

Igiyoyi masu kyau suka yi ta wucewa, Wendell na durƙushe yana kankara da farce. A ta talatin da tara tsohon ya jefo masa samfefa.

"Ka gyara ramin da kanka. Ta likitan kuma mayar da ita, ta burge ni."