Keken Baba da Ciwon Kan Mama

Shekara ashirin da shida Babanmu ya yi yana jan motar da ke kai ma'aikatan wani kamfanin kwali wurin aiki. Ƙato ne, ga tumbi, har abokan aikinsa suna tsokanarsa wai da ciki yake murza sitiyari. Cimarsa duk ta bakin hanya ce: soyayyen nama, burodi, lemon kwalba, da shayi mai sukari cokali huɗu.

Wata Talata da safe, yana ɗauke da mutum talatin, ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Allah Ya taimaka ya gangara gefen titi, ya ja birkin hannu, sannan ya kifa kai a kan sitiyari. Ma'aikatan ne suka ciccibe shi zuwa asibiti. Ina cikin aji ina koyar da yara aka kira ni, na fita ko jakata ban ɗauka ba.

An yi masa aiki, an buɗe jijiyar zuciyar da ta toshe. Ranar sallama likita bai ɓoye masa komai ba.

"Baba, wannan karon ka sha. Na gaba ban yi maka alkawari ba. Ka rage ƙiba, ka bar maiƙo da gishiri, ka motsa jiki. Mota kuwa ba za ka taɓa ta ba sai bayan wata shida, in mun gwada ka mun ga zuciyar za ta ɗauka."

Maganar motar ce ta fi dukansa. Sati biyu yana zaune a tsakar gida, ba ya ko kunna rediyo. Sai wata rana ya shigo yana tura wani tsohon keke baƙi da ya saya a wurin mai gyaran kekuna na bakin layinmu.

Mama ta riƙe haɓa. "Malam, kai za ka hau shi, ko shi zai hau ka?"

Ranar farko iyakarsa ƙarshen layi, ya dawo yana haki, rigarsa sharkaf. Masu zama a ƙofar shagon aski suka yi ta yi wa keken jaje. Bai kula su ba. Washegari ya sake fita, ya kuma fita a rana ta uku. Cikin wata biyu yana kaiwa gadar jirgin ƙasa ya dawo ba tare da ya sauka ya tura ba.

Nauyin abincin kuwa a kan Mama ya faɗa. Ita ce mai tashi tun asuba ta dafa masa wake da ganye ba mai, ta gasa kifi, ta yanka kabeji, ta cika masa gorar ruwa. Da farko tukunya biyu take ɗorawa, tasa da tata. Daga baya ta gaji, sai ta riƙa jiƙa burodi a shayi ta ci a tsaye, ta koma kan keken ɗinkinta, don tun da Baba ya zauna ɗinkin nan ne ke riƙe gidan. Ni ina gidan mijina, ƙanena yana karatu a wani gari. Su biyu ne kawai a gida.

Baba ya zabge. Tumbin ya tafi, wuyansa ya fito, Mama ta rage masa wanduna har sau uku. Mun yi murna ƙwarai. Amma wani hali ya shige shi: ba shi da zance sai na zuciyarsa. Ya sayi na'urar awon hawan jini, safe da yamma yana ɗaura ta a hannu, ya sanar da duk wanda ke kusa abin da ta nuna. In baƙo ya zo, kafin ya sha ruwa an yi masa wa'azi a kan sukari. 'Yan layi suka laƙaba masa Likita, shi kuma yana amsawa da jin daɗi.

A wata na huɗu na je gida ran Asabar, na tarar da Mama ta ɗaure kai tamau da ɗankwali, tana taka keken ɗinki ido a runtse. Na lura ta yanke igiyar silifas ɗinta ta ƙara da ƙyalle, saboda ƙafar ta kumbura.

"Mama, wannan ƙafa fa?"

"Zama ne, 'yar nan. Duk mai ɗinki haka yake."

"Kan kuma?"

"Ya kwana biyu yana sarawa. Ina shan ƙwaya daga kemis."

Baba yana tsugune a bakin ƙofa yana zuba wa sarkar keke mai. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Rashin shan ruwa ne. Na sha faɗa mata. Ni nan lita uku nake sha."

Na ce gobe in zo mu je asibiti. Ta kama hannuna, ta rage murya.

"Bari Babanku ya gama da nasa tukuna. Saura kaɗan a gwada shi. Kada mu ɗaga masa hankali, kin ji abin da likita ya ce."

Na yarda da maganarta saboda ta yi mini sauƙi. Jarrabawa ta matso a makaranta, ga ƙaramin ɗana yana haƙori. Na ce to, bayan gwajin.

Ranar gwajin Baba ya fita ƙarfe bakwai, ya ce a kan keke zai je asibiti don likita ya gani da idonsa. A can suka manna masa wayoyi a ƙirji, ya yi gudu a kan injin gwajin zuciya har ma'aikaciyar jinya ta ce ya isa haka. Kilo ashirin da uku ya zubar. Likita ya sa hannu a takarda cewa zai iya komawa tuƙi.

Bai wuce gida kai tsaye ba. Ya biya ta kamfani ya nuna wa shugaban direbobi takardar, aka yi ta tafa masa baya. Ya tsaya wurin mai gyaran keke, ya tsaya shagon aski, inda waɗanda suka yi masa dariya a da suka riƙa taɓa damtsensa. Wayarsa tana cikin jakar bayan sirdi, a kashe tun lokacin gwajin.

Mama kuwa ta faɗi a kicin tun wajen ƙarfe takwas, tana cikin dafa masa abincin rana. Ƙaurin waken da ya ƙone ne ya sa maƙwabciyarmu ta leƙo, ana gab da kiran sallar azahar. Ta same ta kwance tsakanin murhu da bokitin ruwa, ido a buɗe, baki ya karkace.

Ni aka samu a waya, muka kai ta asibiti. Sai la'asar Baba ya iso asibitin, bayan ya koma gida an faɗa masa, a kan keke, takardar tana aljihun gaban rigarsa. Wata likita ce ta fito mana, ba ta san ko wane ne shi ba.

"Jininta ya hau sosai, kuma ba yau ya fara ba. Jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Da an kawo ta da wuri, da mun rage ɓarnar." Ta dubi Baba. "Kai ne maigidan? Ba a taɓa auna ta ba? Yanzu ai har a gida mutane na ajiye na'urar."

Baba ya nemi bango ya jingina, ya sulale har ƙasa. Na zaci zuciyar ce, na yi ihu. Suka auna shi a wurin, suka ce lafiyarsa ƙalau.

Mama ta rayu. Ɓarin jikinta na dama ya mutu, magana ta ɗauke, sai kalma ɗaya da ta rage mata, "to". Da ita take kira, da ita take ƙin abu, da ita take kuka.

Baba bai koma kamfani ba. Sau biyu shugaban direbobi yana aikowa, daga baya suka ɗauki wani. Muka ce a samo mai kula da ita, ya ce ba wanda zai taɓa masa mata. Shi yake ɗaga ta daga gado ya kai ta banɗaki, ya yi mata wanka, ya juya ta duk bayan awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo. Mama ba ƙaramar mace ba ce, amma cak yake ɗaukarta, ko nishi ba ya yi. Ya koyi girki a hannuna yana da shekara hamsin da takwas, alhali a da bai ma san inda ake ajiye ashana a gidansa ba. Wani lokaci in ya kai mata cokali baki sai ta kau da kai ta dubi bango. Yakan zauna riƙe da cokalin har abincin ya huce.

Wata rana ina wanke-wanke Baba ya tsaya a bayana.

"Ranar nan da kika ce a kai ta asibiti, me na ce?"

"Baba, a bar maganar. Ni ma ai ban dawo ba."

"Me na ce?"

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki bokiti ya fita.

Yau wata goma sha ɗaya ke nan. Mai gasa mata ƙashi ya ce kada mu sa rai da yawa, abin da bai dawo ba zuwa yanzu da wuya ya dawo. Ƙanena ya ajiye karatu ya kama aiki a wani shagon kayan gini. Kullum kafin in wuce makaranta nakan biya in zauna da ita minti arba'in, Baba ya fita da keke. Ba ya tsayawa gaisawa da kowa, ba ya kuma ba kowa shawara. Na taɓa ce masa ya huta ko na kwana ɗaya, ya ce in shi ya kwanta, wa zai ɗaga ta?

Jiya da ya fita, Mama ta yi ta cewa "to, to" tana kallona. Na kawo ruwa, ta ƙi. Na gyara filo, na buɗe taga, na rufe. Har Baba ya dawo ban gane abin da take so ba, shi ma bai gane ba. Na bar su a haka na tafi aji, na makara.