Ruwan da Tela Ba Ta Sha Ba

Takardar farko ta ce goma sha huɗu. Likita ya juya ta gaba da baya, ya ce idan da gaske tsawon mahaifar ya kai santimita goma sha huɗu saboda ƙarin da ke jikinta, to jibi za a cire ta gaba ɗaya. Amma kafin ya sa hannu, a je a sake hoto a kawo masa kafin sha biyu.

Mai mahaifar, wadda kowa ke kira Tela saboda sana'arta ta ɗinki, tana da shekara talatin da takwas da ɗiya ɗaya tal, kuma ba ta cire rai da ta biyu ba. Shi ya sa tun takwas take zaune a bencin ƙofar ɗakin hoto, yayarta a gefe, gorar ruwa a tsakaninsu. An ce ta shanye tas, kuma kada ta kewaya.

To, wanda ya yi shekara ashirin da tef a wuya akwai abin da ba za ka gaya masa ba. Ta san mace in ta ci ta sha kafin awo, sai ƙugu ya ƙara inci guda. Yau kuwa ƙari ne abokin gaba. Duk sanda yaya ta juya kai, sai ta tsiyaya kaɗan a tukunyar fulawar da ke ƙarshen benci.

"Kin shanye?"

"Ga gora, Yaya, duba da idonki."

Goma da kwata aka kira ta. Ɗakin sanyi, labule a sake, gado siriri kamar teburin yanka yadi. Mai hoton, wata doguwar mata mai tabarau, ta zuba mata mai mai sanyi a mara, ta ɗora kan na'urar, ta danna nan ta danna can. Ta gyara tabarau. Ta sake dannawa. Tela ta kafa wa fuskarta ido, don ta ji an ce a fuskar mai hoto ake karanta sakamako.

"Baiwar Allah, ina ruwan da kika sha ya tafi?"

"Yana ciki."

"Cikin wa? Mafitsararki a bushe take kamar aljihun ƙarshen wata."

Yaya ta miƙe. "Ke! A gabana fa kika..." Sai ta dafe ƙirji. "Fulawa! Wallahi na ga ƙasar ta jiƙe, na ce ko masu shara ne."

Tela ta rufe fuska ta faɗi dalilinta. Mai hoton ba ta yi dariya ba.

"Ni ba ƙugunki nake aunawa ba. Ruwan nan shi ke ture hanji gefe, ya buɗe mini taga in ga inda mahaifa ta fara da inda ta ƙare. Yanzu hazo kawai nake gani. In na rubuta lamba a haka kintace na yi, kuma a kan kintacen nan likita zai ɗauki wuƙa. Wancan hoton na farko, kin sha?"

Tela ta juya fuska bango.

"Na ga amsar. Tashi. Sha ɗaya da rabi ki dawo, in ba ta cika ba babu abin da zan iya."

Yaya ta sayo gora biyu, ta tsaya a kanta kamar mai gadin fursuna. "Sha, uwar dabara. Mai wayon da ya kusa yanka kansa." Tela ta sha har ta ji ruwan a maƙogwaro. Ta kai ta kawo a barandar, ido a agogon bango. Sha ɗaya, babu komai. Sha ɗaya da kwata, ɗan nauyi. Da rabi ta yi, tafiyar ma sai da taka-tsantsan.

Wannan karon baƙin fili ya fito a allon, ƙarƙashinsa wani abu mai siffar goran duma. Mai hoton ta juyo mata allon.

"Tunda tela ce ke, kalli. Daga saman nan zuwa bakin mahaifa, tsawo ke nan." Ta kafa alama biyu, layi ya haɗa su. "Tara da ɗigo ɗaya. Kauri, huɗu da rabi." Ta juya hannu. "Faɗi, biyar da rabi. Ga wadda ta taɓa haihuwa, takwas zuwa goma ba abin tashin hankali ba ne."

"To sha huɗun fa?" in ji yaya.

"Ga shi nan a sama." Ta nuna wani dunƙule. "Ƙarin a waje yake zaune, ya maƙale ta baya. Wanda ya yi hoton farko bai ga iyaka ba, sai ya haɗa su ya auna tare."

Tela ta ɗago kai. "Za a bar mini ita?"

"Wannan bakin likita ne, ba nawa ba. Amma ana cire irin wannan a bar mahaifa, na sha gani. Tashi ki kewaya kafin ki jiƙa mini gado."

"Ba inda za ni." Ta damƙe ƙarfen gadon, gumi na tsattsafo mata a goshi. "Rubuta tukuna. A gabana."

Mai hoton ta leƙo ta saman tabarau, ta jawo takarda. Sai da Tela ta ga tara ta zauna da ɗigonta, aka buga hatimi, sannan ta saki ƙarfen.

"Yaya, saura minti goma sha biyu. Ruga ki kai masa, kada ki ba kowa sai hannunsa."