Masarar Kawu Arvid

Kawuna Arvid manomin masara ne a arewacin jihar Minnesota ta Amurka, kuma mutum ne da ba a juya shi. Da ya sayi wani murhun ɗumama gida mai cin komai, ya tara mu ya nuna mana: yana cin masara, yana cin curin garin katako, har ƙwallon 'ya'yan itace. Ya ce daga yau gonarsa ce za ta ɗumama masa gida.

A shekarar ruwa ya yi yawa da kaka, masarar ba ta bushe sosai ba. Matarsa, Inna Lorna, ta yi ta ƙorafin wutar tana dunƙulewa tana tara toka. Ya ce murhu ba ya raina abincin gida.

Sai dusar ƙanƙara ta sauko kwana da kwanaki, da iska mai tara ta jikin bango. Ranar da ta lafa na tafi gaishe su da hantsi, da burodi a hannu. Karensu na tarar zaune a waje cikin sanyi yana rawar ɗari. Na buɗe ƙofa na kira shi, ya ja da baya.

Cikin gidan akwai ɗumi, shiru kuma ya yi yawa. Gilashin murhun ya yi baƙi, wutar ciki ta koma ja, tana lasar ƙarfe a kasalance. Kawu na kan kujerarsa, kumatunsa jajir kamar wanda ya sha gudu.

"Marit, ke ce? Rufe ƙofar nan, kada ki ɗumama mana gari."

Na tambaye shi lafiyarsa. Ya ce kansa ne ke sarawa tun safe, tsufa ne kawai. Inna Lorna tana kwance a doguwar kujera, saƙarta a ƙasa. Matar da ban taɓa ganin ta yi barcin rana ba.

"Bar ta ta huta," in ji shi. "Yau dai kunnena ya samu hutu."

Na zauna muna hira. Maganarsa tana jan ƙafa, yana faɗin abu ya sake faɗa. Can na ji nawa idon ya yi nauyi, wani barci mai daɗi yana jawo ni, alhali na yi barcina na ƙoshi. Daɗin nan ne ya tsorata ni. Na miƙe, ɗakin ya juya.

Na wangale ƙofofi, na kashe murhun, na kira motar asibiti. Kawu yana faɗa ina ɓarnar zafi, amma da ya yunƙura ya tashi ƙafafunsa suka ƙi. Inna Lorna na ja ta ƙasa har bakin ƙofa, ina kiran sunanta, ba ta amsa ba.

Da masu ceto suka zagaya bayan gida, suka tarar dusar ta binne bakin bututun hayaƙin da ya fito ta jikin bango ɗungurungum. Tokar ɗanyar masara kuma ta riga ta cushe rabinsa. Iskar gubar da wutar ke fitarwa, marar wari marar launi, ita ce ta dawo cikin gida muka yi ta shaƙa.

Dukansu sun rayu. Kawu ya warware cikin mako. Inna Lorna ta dawo gida, sai dai kalmomi suna ɓace mata, wani lokaci ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Idan ta yi haka Kawu yakan tashi ya fita rumbu, ya daɗe bai dawo ba.