Balan-balan a Shingen Dei-Dei

Sojan bai gama ɗaga murfin but ɗin ba ya yi tsalle baya, ya gyara riƙon bindiga.

"Oga, fito. Hannu sama. A hankali."

Badaruddin ya fito, katin ma'aikatarsu na lilo a wuyansa. Masu tallar ruwa da gyaɗa suka watse kamar an kore su. A 'yan watannin nan kowa a Abuja ya san abin da ake tunani idan aka ga tukunyar gas a bayan mota, balle motar mai gemu.

Tukunyar na kwance cikin kwalinta, ja, ba ta kai ta girki girma ba.

"Ta balan-balan ce, ranka ya daɗe. Iska ce a ciki mai sa su tashi sama. Gobe 'yata za ta cika shekara shida."

Sajen da ke kula da shingen ya tako daga bayan buhunan yashi. Dattijo ne mai furfura, Hausarsa ta bariki. Ya leƙa but ɗin daga nesa.

"Balan-balan da baki ne ana hura shi. Ni ma ina da yara."

"Na baki ba ya tashi, Saje."

Abin da 'yarsa Kausar ta ce masa ke nan a waya. Tun da suka rabu da uwarta Rukayyat, yarinyar ke Tungan Maje a gidan sabon mijin, shi kuma ba ya zuwa sai ranar da aka tsayar masa. A bikin wata maƙwabciya ta ga balan-balan sun manne da silin ba mai riƙe da su. "Abba, irin masu tashi da kansu nake so." Ya ce an gama. Yau ana saukowa daga Juma'a ya zaga shagunan Wuse har ya samu. Angelina mai shagon ta ja masa kunne: kada ya hura sai gobe da safe, domin ba sa kwana a sama, tukunyar kuma in ta ƙare ta ƙare, ba a sake cika ta, kuma ita ce ta ƙarshe a shagon.

"Zaɓi biyu," in ji Saje. "Ka bar shi nan, masu duba bam su zo su ɗauka, ka bi su wani sati. Ko ka buɗe shi a gabana ya ƙare tas."

Badaruddin ya roƙa a bar shi ya gwada ɗaya. Ya zaro balan-balan daga leda, ya sa a bakin tukunyar, ya murɗa, ya lanƙwasa robar da ke bakinta. Tukunyar ta yi huci, sojojin suka ja da baya. Balan-balan ya kumbura, ya saki, ya haye sama ya nufi Zuba.

"Ka gani?"

"Na ga na sama. Ban ga na ƙasan tukunya ba." Saje ya share gumi da bayan hannu, muryarsa ta sauka. "Oga, ba wulaƙanci ne ba. Yaran nan da kake gani, ni ne zan faɗa ma iyayensu in wani abu ya faru."

Badaruddin ya dubi samarin sojojin. Sai ya tsugunna a gefen kwalta, ya zazzage ledar.

"To ba zan zubar da ita a banza ba."

Ya hura na biyu, ɗaurin ya kwance, ya tsere da kuka. Daga wata bas da ke layi wata mai lemo ta leƙo, ana kiranta Batulu, daga ciki ana ce mata ta zauna.

"Alhaji, da ganinka ba ka taɓa ɗaure ledar koko ba. Kawo nan."

Ta diro, ta gyara zani. Yana hurawa, tana ɗaurewa da zare, tana miƙa wa sojan da ya tare shi, wanda ya rataye bindiga ya riƙe zaruruwan da hannu biyu, fuska a ɗaure. Direbobi suka daina oda, suka koma kallo. Ja, shuɗi, ruwan ƙwai, har tukunyar ta yi numfashin ƙarshe ta yi shiru.

Saje ya ɗaga ta, ya jijjiga, ya kara a kunne, ya aje ta jikin buhunan yashi.

"Allah ya raya yarinya. Wuce."

Da ƙyar suka cusa balan-balan ɗin a kujerar baya. Ya ja mota, ba ya ganin komai ta madubi, suna gugar ƙeyarsa suna ƙara. Rana ta fara karkata. Gobe war haka duk suna ƙasa a yamushe, kamar na kowa.

A mararrabar Zuba, maimakon ya shiga layin gidansa, ya ɗauki hanyar Gwagwalada. Bai kira ba sai da ya tsaya a ƙofar gidan.

"Baban Kausar, lafiya?" in ji Rukayyat. "Gobe muka ce."

"Na sani. Ina waje. Balan-balan ɗinta ne, ba za su kai gobe ba."

"Me ya sa ka hura su yau?"

"Labari ne mai tsawo."

Ya ji muryar maigidan daga ciki yana tambayar wane ne, ya ji ta rufe wayar da hannu, an yi 'yar magana ƙasa-ƙasa. Ya riƙe sitiyari yana jira.

"Kitso ake mata," ta ce da ta dawo. "Rabi kawai aka yi. Ko takalmi babu a ƙafarta."

"Turo ta a haka."

Ƙaramar ƙofar get ta motsa. Badaruddin ya fito da sauri, ya zagaya, ya zura hannu ta tagar motar ya nannaɗe zaruruwan a hannunsa sosai kafin ya buɗe ƙofar baya.