Daga Sifili Zuwa Goma

Tana cikin jera kofunan shayi ta ji kukan kaza daga but ɗin motar mijinta, ta san yau ma akwai wasa. Duk ranar da abokan aikinsa za su zo gidan sai ya sayo kaza mai rai, ba don tukunya ba, don ita. Shekara tara ke nan yana cilla mata kaza a jiki, ta kurma ihu ta haye kujera, baƙi su yi dariya har da riƙe ciki. 'Yar Tsako yake kiranta, har maƙwabta sun ɗauka.

Tun tana 'yar shekara biyar, da zakara ya tsage mata fatar ido, take gudun duk mai fiffike. A kasuwa gara ta zagaya ta bayan masu katako da ta bi layin 'yan kaji. Gudun yana ba ta sauƙi, tsoron kuwa sai ƙiba yake yi. Ta riga ta haƙura za ta mutu da abinta, sai ran nan 'yarta Auta, mai shekara huɗu, ta ga gashin kaza a tsakar gida ta ƙanƙame ta tana makyarkyata. Wannan ya yi mata ciwo fiye da dariyar duniya.

Wata uku tana zuwa asibiti duk Talata, a gida ta ce zaren ɗinki za ta sayo. Da hoto likitar ta fara mata, sai gashi a kan tebur, sai gashin a tafin hannu, sai ɗan tsako a kwali.

"Daga sifili zuwa goma, tsoron nawa ne?"

"Goma, likita."

"To zauna, kada ki gudu. Da kansa zai sauko."

Ya kuwa sauko. Talatar da ta wuce har kaza ta rungume.

Ta shiga falo ta ajiye faranti. Mijin ya miƙe, hannunsa a baya, yana ƙifta wa abokansa ido.

"'Yar Tsako, zo ki gaida yayarki."

Kazar ta faɗo mata a ƙirji, farata suka kama rigarta. Bakwai. Ta ja numfashi, ta haɗe fikafikan kamar yadda aka koya mata. Biyar. Huɗu.

"Ga ta, Baban Auta. A ɗaure ko a saka a keji?"

Wanda ya riga ya ɗaga waya zai ɗauki bidiyo ya sauke hannu, ya ce:

"Oga, ina wasan da ka yi mana alkawari?"

Kunya ta kama mijin, shi kuwa in ya ji kunya sai wani ya ji a jikinsa. Ya fizge kazar, idonsa ya faɗa kan Auta da ke leƙe ta bayan labule.

"Baban Auta, don girman Allah."

Ya kai wa yarinyar kazar har fuska. Auta ta ƙwalla ƙara, fitsari ya bi ƙafarta. Dariya ta dawo falon, wayar ta sake tashi sama.

"Kun gani? Gado ne," in ji shi. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ta sunkuci 'yarta, jiƙaƙƙen wandon ya manne mata a kwiɓi. Ta dubi kazar da ke fafutuka a ƙasa: biyu. Ta dubi mijinta yana share hawayen dariya: goma. Likita ta ce a zauna, zai sauko da kansa. To ita shekara tara tana zaune.

Ta zaro mayafinta daga bayan ƙofa, ta zura wa Auta takalmi.

"Ke, ina za ki? Wa zai zuba mana shayin?"

"Zare zan sayo," ta ce.