Inda Baba Jibo Ya Binne Iri

Shekarar da rumbunan garin Cadawa suka koma wayam, Baba Jibo ya ɓoye irin gero, yadda magidanta ke yi don kada yunwa ta sa iyali su dake shi. Bai gaya wa kowa wurin ba. Kafin bazara, shi kansa ya manta. Har 'yarsa Tchima yake kira da sunan uwarta marigayiya.

Ɗansa Harouna bai yarda ba.

"Ƙarya yake yi! Ya sayar ya ci goro."

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Jiya fa takalminsa na tsamo a randa."

"Ke rufe mini baki."

Tchima ta ji wani likita ya sauka asibitin gari yana ɗibar jinin tsofaffi, wai yana neman alamar ciwon mantuwa. Ta ɗora Baba a jaki ta kai shi. So take a ce ciwo ne, ko Harouna ya bar tsare tsoho a rana da tambaya.

Likita ya ɗebi jinin. Ya ce akwai wani sinadari da suke zargin yana sauyawa a jinin masu mantuwa, amma bincike ne, ba zai ce mata e ko a'a ba.

Da suka dawo, Harouna ya ga auduga a hannun Baba.

"Mutumin da yunwa ta sa yake cin ganyen itacen jiga, kin kai an zuƙe ɗan jinin da ya rage masa? Me suka ce?"

"Ba su sani ba tukuna."

"Ni na sani."

Ya haƙe ɗakin tsohon, ya haƙe turken awaki da gindin rumbu. Ya ce kada a sake ba shi kunu sai ya faɗi inda irin yake. Tchima ta riƙa ba shi nata a bayan darni.

Ruwa ya sauka, masu iri suka fita shuka. Su suna gida.

Bayan kwanaki, tsiro ya ɓullo cunkus a ƙofar ɗakin Harouna, wurin da bai taɓa haƙawa ba. Tchima ta tona da hannu. Tulu ne ya tsage, ruwa ya shiga, irin ya kumbura ya yi tsami.

Baba ya matso, ya leƙa ramin.

"Wane marar hankali ne ya yi shuka a ƙofar ɗaki? Harouna, kai ne?"

Harouna ya ɗauki fartanyarsa ya fice. Tchima ta durƙusa tana tsince ƙwayar da ba ta ruɓe ba.